Daga Tukunya Zuwa Buhu: Yadda Ake Daskarar Da Narkakkun Sinadarai Da Abin Da Ya Sa Kasuwarsu Ke Bunƙasa

Duk wanda ya taɓa shiga shagunan masu sayar da kayan haɗa sabulu da man shafawa a kewayen Taminus da ke Jos, ko makamantansu a kasuwar Wuse ta Abuja, ya saba ganin buhuna masu nauyin kilo 25 a jibge, kuma da zai kwance bakinsu ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya tarar da wanda kayan cikinsa suka zo a dunƙule. Soda takan zo ko dai falle-falle ko ƙananan ƙwayoyi farare fat, kakin da ake kaurara man shafawa da shi yakan zo a ɗige-ɗige masu shafaffen gindi da tudu a baya, takin yuriya kuwa babu manomin da bai san ƙwayarsa ba. Abin da mai saye ba ya gani shi ne, dukkan waɗannan kayayyaki sun baro tukwanen masana'anta ne suna narke, suna kwarara a cikin bututu, wasunsu da zafin da ya zarce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, domin soda tsantsa ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 318 a ma'aunin Selsiyos, yuriya kuma sai ya kai kusan 133.

Tsakanin wancan narkakken abu da wannan buhu akwai mataki guda da ba a cika tabo shi ba idan ana zancen masana'antu a Najeriya, wato daskarar da abin ta yadda zai fito da siffa ɗaya da girma ɗaya, ba ƙura, ba mannewa, kuma ba tare da ingancinsa ya ragu ba. Mukan ƙare hirarmu a kan matatar mai da bututun gas da hana fitar da ɗanyun kaya, alhali a wani babban ɓangare na kasuwar sinadarai, wannan mataki na ƙarshe ne ke tantance ko mai saye zai karɓi kaya ko zai mayar da su.

Ɓangaren da nake nufi shi ne na sinadarai na musamman. Masana'antar sinadarai kashi biyu ce a dunƙule. Akwai na gama-gari irin su yuriya da soda da ɗanyen roba, waɗanda ake yi da miliyoyin tan, kuma mai saye bai damu da wanda ya yi su ba muddin farashi ya yi masa. Akwai kuma na musamman, waɗanda ake yi kaɗan-kaɗan, ake kuma sayensu saboda wani aiki takamaimai da suke yi a cikin kayan wani. Ɗan abin da ake barbaɗawa a cikin roba don kada rana ta busar da ita ta farfashe, da wanda ke hana taya tsagewa, da wanda ke haɗa mai da ruwa a cikin man shafawa su zauna lafiya, da wanda ke sa burodi ya jima bai bushe ba, da gam ɗin da inji ke narkarwa ya liƙe bakin katan ko ya haɗa famfas ɗin jarirai, duk a wannan rukuni suke. Sau da yawa ba su kai kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na nauyin kayan da aka sa su a ciki ba, amma idan babu su, kayan ba su da kasuwa. Shi ya sa ribarsu ta fi ta na gama-gari, kuma shi ya sa kamfanoni irin su Evonik da Lanxess na Jamus, da Clariant na Suwizalan, da Croda na Ingila suka mayar da hankali a kansu. Da yawa daga cikin waɗannan sinadarai dangin kaki ne ko dangin ƙaro ko kitse, masu narkewa a tsakanin digiri 40 zuwa 200, saboda haka a narke ake gama haɗa su.

Mai karatu zai iya tambaya, me zai hana a sayar da su a narken? Ana yin haka idan mai saye babba ne kuma yana kusa, kamar yadda ake jigilar narkakkiyar farar wuta a tankoki masu ɗumi daga matata zuwa masana'antar da ke maƙwabtaka da ita. Amma wanda ke buƙatar buhu goma a wata ba zai gina tanki mai tururi ba. Hanyar da aka daɗe ana bi ita ce a tsiyaye narkakken abin a cikin durom a bar shi ya daskare da kansa, sai dai wahalar takan koma kan mai saye ne. Dole ya naɗe durom ɗin da abin ɗumamawa ya yi ta jira, wani lokaci har kwana, kafin tsakiyarsa ta narke, kuma kafin nan abin da ke jikin ƙarfen ya sha wuta fiye da kima, launinsa ya sauya, wari ya shiga. Idan kuma ya ce zai farfasa da guduma ko ya niƙa, sai ƙura ta tashi, ma'aikata su shaƙa. Ƙurar abu mai kamawa da wuta kuwa ba abin wasa ba ce: a watan Fabrairun 2008 ƙurar sukari kawai ta fashe a wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka rasu, kuma ƙurar farar wuta ta fi ta sukari saurin kamawa.

Kafin a zo ga injuna, ya kamata a fahimci abin da ke wahalar da aikin. Sanyaya ruwa abu ne mai sauƙi, amma a daidai gaɓar da ruwan zai koma tauri akwai wani ɓoyayyen zafi da dole sai ya fice, kuma muddin bai gama ficewa ba, ma'aunin zafi ba zai motsa ba. Kowane kilo na kakin kyandir yana sakin zafi kimanin kilojul 200 a wannan gaɓa, ruwan sha kuma 334 kafin ya zama ƙanƙara. Matsala ta biyu ita ce, ɓangaren da ya fara daskarewa yakan zama bango tsakanin sanyi da sauran narkakken abin, kuma irin waɗannan sinadarai ba sa barin zafi ya ratsa su da sauri. A ƙa'ida, idan kaurin abu ya ninka sau biyu, lokacin daskarewarsa yakan ninka kusan sau huɗu. Wannan lissafi ne ya sa durom ke cin kwanaki, ɗigo mai kaurin milimita biyu ko uku kuma ya daskare cikin daƙiƙoƙi. Dukkan fasahohin da ke ƙasa dabaru ne na mayar da narkakken abu siriri ko ƙanƙani kafin a nuna masa sanyi.

Dabara mafi tsufa ita ce ta hasumiya, kuma asalinta daga sana'ar harsashi ne. A shekarar 1782 wani mai gyaran famfo a birnin Biristol na Ingila, William Watts, ya yi rajistar hanyar zubo da narkakkiyar dalma ta cikin rariya daga saman gini mai tsawo, ɗigon ya dunƙule a iska yana faɗowa, ya sauka cikin ruwa. Masana'antun taki sun ɗauki wannan tunani, suka gina hasumiyoyi masu tsawon gomman mitoci, ana watso narkakkiyar yuriya daga sama, ana hura iska daga ƙasa. Hanyar tana fitar da kaya da yawa, amma ƙwayoyin ƙanana ne, ba su da ƙwari, kuma iskar da ke fita ta sama tana tafiya da ƙura. Shi ya sa sababbin masana'antu suka koma fesa narkakkiyar yuriya a kan ƙananan ƙwayoyi da iska ke juyawa, su yi ta kauri shafi bisa shafi har su kai milimita biyu zuwa huɗu. Irin wannan ce masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin tan miliyan uku a shekara, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022, take fitarwa, haka ma ta Indorama da ke Eleme a jihar Ribas. Masu cakuɗa taki sun fi son ta, domin idan girman ƙwayoyi bai zo ɗaya ba, girgizar mota takan raba su a cikin buhu, manomi ya zuba wani sinadari da yawa a kunya ɗaya, wata kunyar kuma ta rasa.

Dabara ta biyu ita ce ta ganga mai juyawa, wadda ruwan sanyi ke zagayawa a cikinta. Gindinta yana tsoma cikin narkakken abin, ya ɗauko shafi siriri, kafin ta kammala zagaye ya daskare, sai wata wuƙa ta kankare shi. Haka ake yin sodar nan falle-falle. Injin ba shi da tsada sosai, ba ya cin wuri, kuma ana iya rufe shi ruf, amma fallayen ba su da girma ɗaya, suna karyewa, suna kuma cushewa a bakin mazurari.

Dabara ta uku ce ta fi dacewa da sinadarai na musamman, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Wanda ya taɓa karkata kyandir a kan farantin ƙarfe mai sanyi ya ga ɗigon ya zauna ya zama ɗan tudu mai shafaffen gindi, to ya ga ainihin abin da injin ke yi, sai dai shi injin yana ajiye dubban ɗigo a kowace daƙiƙa. Farantin a nan dogon bel ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin kusan milimita ɗaya, faɗinsa yakan kai mita ɗaya da rabi, yana zagaye tsakanin ganguna biyu da ke nesa da juna. A ƙarƙashinsa akwai jerin bakunan feshi da ke watsa masa ruwan sanyi, ruwan ya tsiyaye a koma da shi a sake sanyayawa, ba tare da ya taɓa kayan ba ko sau ɗaya. Wannan rabuwa ita ce babbar fa'idar tsarin, domin kayan ba sa jiƙewa, ruwan kuma ba ya gurɓata. A farkon bel ɗin akwai wani bututu mai ɗumi da ke tsaye cak, narkakken abin yana shiga cikinsa da famfo, a kewayensa kuma akwai wani bututun mai huje-huje da ke juyawa a kansa. Duk lokacin da layin huda ya zo daidai da tsagar da ke ƙasan bututun ciki, sai layin ɗigo guda ya sauka. An daidaita gudun juyawarsa da gudun bel ɗin, don haka ɗigon yakan zauna ne a hankali, bai ja wutsiya ba, bai taɓa ɗan'uwansa ba. Kafin bel ya kai ƙarshe ya lanƙwasa a kan ganga, ƙwayoyin sun yi tauri, suna ɓallewa suna zuba cikin mazubi.

Kamfanin Sandvik na ƙasar Suwidin ne ya fara ƙera bel na ƙarfe a 1901, da nufin jigilar kaya kawai, daga baya aka gane amfaninsa wajen sanyayawa. A farkon shekarun 1980 ya fito da wannan kan mai ɗigo da sunan Rotoform, kuma sashen da ke yin sa ya rabu da uwar kamfanin ya koma amsa sunan IPCO a 2018. Akwai masu gogayya da shi, kamar Berndorf na Ostiriya, ga kuma kamfanonin Sin da na Indiya da ke ƙera masu rahusa. Abin da ya sa wannan tsari ya dace da sinadarai na musamman shi ne sauƙin sauyi. Masana'antar da ke yin kaya iri ashirin, kowanne tan kaɗan, tana iya wanke kan, ta sauya bututu mai huda, ta rage ko ta ƙara gudun bel, ta shiga wani kayan a rana guda, abin da hasumiya ba za ta iya ba. Ana kuma iya raba ƙarƙashin bel ɗin gida-gida, farko ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakiya mai sanyi, ƙarshe mai sanyi ƙwarai.

Wannan rabon yana da muhimmanci saboda kowane narkakken abu da halinsa. Farar wuta tana narkewa a wajen digiri 115 zuwa 119, tana kwarara ba wahala, amma idan mai aiki ya yi zaton ƙara mata wuta zai ƙara mata gudu, ya yi kuskure babba, domin da zarar ta kai kusan digiri 160 sai ƙwayoyinta su sarƙe da juna, ta yi danƙon da ya ninka na farko sau dubbai, famfo ya tsaya. Dole a riƙe ta a ɗan tsakanin nan. Yuriya kuwa idan ta jima a narke takan haifar da wani sinadari mai suna bayuret, wanda ke ƙona ganyen shuka idan ya yi yawa, saboda haka ba a barin ta ta huta a bututu. Akwai kuma masu taurin kai, waɗanda za a sanyaya su har ƙasa da inda ya kamata su daskare, su ci gaba da zama ruwa mai yauƙi, su isa ƙarshen bel suna manne. Maganinsu shi ne a fara juya su a wani injin da zai haifar da ƙananan ƙwayoyin kiristal a cikinsu tun kafin a ɗiga, waɗannan su zama irin da sauran za su ginu a kai. Da yawa daga cikin magungunan kare roba da na feshin gona haka halinsu yake.

Hali mafi kusa da mu shi ne na kitse. Matan da ke haɗa man shafawa da man kaɗanya sun san abin takaicin nan: a narkar da man, a zuba a robobi yana sumul, bayan kwana biyu a buɗe a tarar ya yi tsaki-tsaki a ƙarƙashin yatsa, mai saye ya ɗauka an cakuɗa masa wani abu. Babu abin da aka cakuɗa. Man kaɗanya haɗin kitse ne iri-iri, kuma idan ya huce a hankali, masu saurin daskarewa sukan ware su taru su yi manyan ƙwayoyi. Man koko ya fi haka rikici, domin yana iya daskarewa a tsari shida daban-daban, kuma na biyar ne kaɗai, mai narkewa a wajen digiri 34, ke ba cakulan sheƙi da ƙarar karyewa. Abu ɗaya ne a idon mai gwajin sinadari, amma yadda aka sanyaya shi ya raba kaya mai daraja da wanda za a mayar.

Akwai wani reshe na fasahar da ke amfani da daskarewa wajen tacewa. Idan narkakken abu ya daskare sannu a hankali, kiristal ɗin yakan ɗauki nasa ya bar baƙi a cikin ruwan. Sinadarin farazailin, wanda daga gare shi ake samun robar gorar ruwa da zaren yadi, yana tafasa a digiri 138, ɗan'uwansa metazailin a 139, don haka raba su da wuta kusan ba ya yiwuwa. Amma na farkon yana daskarewa a digiri 13, na biyun sai sanyi ya kai 48 ƙasa da sifiri, kuma ta wannan tazara ake iya ware su.

Dalilan da suka sa buƙatar waɗannan injuna ke ƙaruwa ba ɗaya ba ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na fili shi ne yawan jama'a da ƙaura zuwa birane, wanda ke nufin ƙarin katan, da famfas, da taya, da bututun ruwa, da man shafawa, musamman a Asiya, inda Sin kaɗai take sayar da fiye da kashi 40 cikin ɗari na sinadaran duniya, Indiya kuma ta samu kasuwa bayan da Sin ta rufe ɗimbin ƙananan masana'antu masu gurɓata muhalli. Wanda ya fi tasiri a ganina shi ne sauyin da aka samu a wajen mai saye. Masana'antun yanzu inji ne ke auna musu kayan haɗi, yana zuƙe su ta bututu, yana zubawa giram bisa giram, kuma irin wannan inji ba ya jure gari mai cushewa ko falle mai tsinkewa. Dokokin kare ma'aikata ma sun tsananta. Lokacin da masu yin bututun roba a Tarayyar Turai suka daina amfani da sinadarai masu dalma a ƙarshen 2015, maye gurbinsu ya zo ne da haɗe-haɗen da akasari ake sayarwa a ƙwaya ko falle maras ƙura.

Farar wuta tana da nata labarin. Ba don ana son ta ake samar da mafi yawanta ba, ana cire ta ne daga mai da gas don doka ta tilasta, kuma tun daga ranar 1 ga Janairun 2020 aka rage adadin da aka yarda ya kasance a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. Duniya tana samar da fiye da tan miliyan 80 a shekara, mafi yawanta kuma ana mayar da ita ruwan asid don yin takin fosfet a ƙasashe irin su Maroko da kuma tace ma'adinin nikel a Indunusiya. Daga Ƙatar ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa zuwa can sai a jirgin ruwa, kuma a daskare ake loda mafi yawanta. Yuriya ma ta samu sabuwar kasuwa a ruwan AdBlue da ake zuba wa manyan motocin dizal don rage hayaƙi mai guba, wanda kashi 32.5 cikin ɗarinsa yuriya ce tsantsa, ba irin ta taki da ake ƙara wa maganin hana mannewa ba. A ƙarshen 2021, da Sin ta taƙaita fitar da yuriya, sai da Koriya ta Kudu ta tura jirgin saman soja Ostireliya ya kwaso mata ruwan, don kada tireloli su tsaya.

Sai dai a yi hattara da alƙaluman bunƙasar da ake yawan yaɗawa, domin da yawansu daga masu sayar da injuna ko masu sayar da rahotannin kasuwa suke fitowa. Bel ɗaya tan kaɗan yake fitarwa a awa, yana cin fili, kuma gyaran tsagar da ta same shi sai ƙwararren mai walda. Inda ake yin kaya iri ɗaya da miliyoyin tan, wasu hanyoyin sun fi shi arha.

To ina Najeriya a cikin wannan? Jos ba baƙuwar narkarwa da daskararwa ba ce, domin tun farkon shekarun 1960 masana'antar Makeri ta fara narkar da kuza, ta kuma yi shekaru tana zuba ta a mazubi tana fitar da sanduna. A Kaduna kuma, matatar da aka buɗe a 1980 an gina mata sashen fitar da man inji da kwalta da kaki, amma shekarun da ta yi a kwance sun sa masu yin kyandir da man gashi sun dogara da na waje. Masana'antun da ke Jos a yau, irin su NASCO mai biskit da garin wanki da Grand Cereals mai man girki da abincin kaji, suna cikin rukunin da ba ya rabuwa da kayan haɗi na musamman, kuma mafi yawan irin waɗannan kaya a faɗin ƙasar nan da dala ake shigo da su. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, kowane ƙaramin mai sana'a ya ji abin a jikinsa.

Dama mafi bayyana ita ce ta kaɗanya. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, tana mai cewa ƙasar nan ce ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwallon a duniya, amma rabonta a kuɗin kasuwar bai kai kashi ɗaya ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma matse mai daga ƙwallo rabin tafiya ne kawai. Kuɗin yana wajen raba man gida biyu ta hanyar sanyaya shi da lissafi, mai taurin ya tafi wajen masu cakulan, mai laushin ya tafi wajen masu man shafawa. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa wasu kitsen tsirrai har kashi biyar cikin ɗari a cakulan, kaɗanya na cikinsu, kuma kamfanin Bunge ya riga ya gina masana'antar wannan rabo a Tema ta ƙasar Gana. Dama ta biyu ita ce takin farar wuta da ake haɗawa da yumɓun bentonayit, kashi 90 da kashi 10, a ɗiga shi a kan bel. Idan ƙwayar ta sha danshi sai yumɓun ya kumbura ya wargaza ta ta zama gari a cikin ƙasa. Gonakin arewa da dama suna fama da ƙarancin farar wuta, ga shi muna da yumɓun a arewa maso gabas, sai dai ɗanyen manmu ba shi da farar wuta da yawa, don haka samunta zai dogara ne ga irin man da matatu ke tacewa ko ga shigo da ita. Kakin zuma, mai narkewa a wajen digiri 63, da gam ɗin katan suna biye.

Sayen injin shi ne mafi sauƙin aikin. Abin da ke kayar da irin wannan masana'anta shi ne katsewar zafi da sanyi. Kowane bututu da famfo da abin tacewa a layin yana sanye da rigar tururi ko ta mai mai zafi, kuma idan aka ɗauke wuta, kayan sukan daskare a inda suka tsaya, sai an narkar da layin gaba ɗaya gaɓa-gaɓa kafin a sake tayarwa, abin da ya sha wuta sau biyu kuma ba lallai ya ci gwaji ba. Tun daga Afrilun 2024 da kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta mafi yawan awoyi a rana, ya tashi daga kusan Naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, lissafin ya ƙara tsauri, kuma shi ya sa bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda ya ratsa ta yankin Abuja, yake da muhimmanci ga unguwar masana'antu ta Idu fiye da yadda ake zato. A ɓangaren sanyi, Jos tana da rangwame na gaske, domin tudun da take kai, kimanin mita 1,200 sama da teku, da busasshiyar iskar hunturu suna sa ruwan sanyayawa ya sauka ƙasa da abin da za a samu a Abuja a watan Maris. Amma ban ga dalilin zuzuta wannan ba. Kitse mai narkewa a digiri talatin da 'yan kai sai da injin sanyaya ruwa ko a Jos ne, da damina kuma raɓa takan kwanta a kan bel mai sanyi ta jiƙa kayan idan ba a busar da iskar ɗakin ba. Sannan rangwamen yana ƙarewa ne a Hawan Kibo: tirelar da ta gangara Akwanga ta nufi Legas da rana tsaka, buhunan ƙasa suna ɗauke da nauyin na sama, za ta iya isa da ƙwayoyin sun koma dunƙule.

Saboda haka ne masu sayar da injunan ba sa yanke girman bel sai sun gwada ainihin kayan a ƙaramin layi, sun ga daƙiƙa nawa yake ci, da zafin da ɗigo ke tsayawa ba ya baje, da ko yana sakin ƙarfe ko yana buƙatar a shafa wa bel maganin hana kamawa. Ɗan kasuwar Jos ko Minna da ke son gwada man kaɗanyarsa ba zai iya aika durom Jamus duk lokacin da ya sauya haɗi ba. Muna da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa da ke Zariya, da hukumar bunƙasa albarkatun masana'antu ta RMRDC a Abuja, kuma ƙaramin layin gwaji tare da na'urar auna yadda abu ke narkewa da daskarewa aiki ne da ya dace da su. A Turai akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan kawai, a kawo musu kaya a tanki ko a durom su mayar da shi ƙwaya a biya su ladan aiki, kamar yadda ake kai hatsi wajen mai injin niƙa. Layi ɗaya irin wannan a Idu zai iya ɗaukar ƙananan masana'antu da dama da babu wadda za ta iya cika shi ita kaɗai, da sharaɗin a ware bel ɗin kayan abinci da na shafawa daga na taki da gam, domin mai sayen man cakulan ba zai karɓi ƙwayar da ta bi bayan farar wuta ba, kome wankin da aka yi wa ƙarfen.